Ko Ana Karɓar Shaidar Dutse?

Malaman fiƙihu da na tauhidi sun daɗe suna tattauna matsayin hujjar da ake cirowa daga abin da ba ya magana, kamar sawu a kan rairayi ko yaga a jikin riga, game da al'amarin da ya auku ba a kan idon kowa ba. Wannan tsohuwar mas'ala ta sake tasowa da wata fuska a ilimin duwatsu, inda masana ke cewa suna iya sanin yawan farar wuta da ruwa da sauran iskoki da ke cikin narkakken dutse tun yana can ƙarƙashin ƙasa kafin ya fashe ya fito, alhali babu ɗan'adam ɗin da ya taɓa sauka wurin, kuma wasu daga cikin duwatsun da ake magana a kansu sun yi amansu sun huce tun kafin a fara rubuta tarihi. Abin da suka dogara da shi kuwa ƙwayoyin ma'adinai ne da ake tsinta a cikin toka da sandararren aman dutsen, waɗanda da yawansu ba su kai ƙwayar gero ba. Tambayar da ke gaban mai tunani ita ce wane irin sani ne wannan, kuma a wane ma'auni ya kamata a ɗora shi.

Ana iya ganin baƙuncin wannan tambaya a wuri irin Lambara, da ke kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Bodinga ta nufi Shagari, domin ƙasar yankin ba ta san aman wuta ba. Shimfiɗu ne na yashi da yumɓu da farar ƙasa da suka kwanta hawa-hawa, wasunsu a ƙarƙashin wani teku mara zurfi da ya ratso Sahara ya rufe ƙasar Sakkwato kimanin shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, tekun da ya bar ƙasusuwan wata dabbar ruwa da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda kusancin inda aka tono ta da Goronyo. Duwatsun wuta mafi kusa a Nijeriya suna tsaunukan Jos da na Biu, kuma sun daɗe da yin shiru. Amma duk da haka mutumin wannan yanki bai rasa hanyar shiga batun ba, ta ƙofa biyu ma. Ta farko ita ce mai haƙar rijiya, wanda yake duba launin ƙasar da ake jawowa a guga da danshinta da yadda take murjewa a hannu, ya ce saura gaba biyu ko uku a tarar da ruwa, ba tare da ya ga ruwan ba, kuma babu mai zarginsa da duba. Ta biyu ita ce gadon ilimin da ke wurin, domin a Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, a Bodinga kuma ƙanensa Abdullahi ya zauna, wanda a cikin rubuce-rubucensa akwai Misbahur Rawi a kan ƙa'idojin ilimin hadisi, wato fannin da aikinsa shi ne tantance wanda za a karɓi labarinsa da wanda za a ajiye.

Narkakken dutse, wanda masana ke kira magma, yana ɗauke da iskoki a narke a jikinsa, mafi yawansu tururin ruwa, sai iskar kabon, sai farar wuta, sai kulorin da fulorin, kuma nauyin duwatsun da ke bisansa ne ke danne su ya hana su fita, kamar yadda murfi ke danne iskar lemon kwalba har ba a ganin kumfa ko ɗaya sai an ɓalle shi. Idan narkakken dutsen ya fara tasowa sama dannewar tana raguwa, sai iskokin su fara ficewa bi da bi, iskar kabon tun daga zurfi mai nisa, ruwa da farar wuta daga baya, har ya zamana lokacin da ya iso sarari ya zubar da mafi yawan abin da ya ɗauko. Saboda haka wanda ya ɗauki sandararren aman ya auna, abin da zai samu saura ne kawai, kamar wanda ya ɗanɗani lemon da ya kwana a buɗe yana son ya san ƙarfin iskarsa ta jiya. Muhimmancin farar wuta a nan ya wuce na ɗan dunƙulen rawaya da ake sayarwa a kasuwa don haɗa albarushi ko maganin ƙaiƙayi, domin idan ta kai sararin sama mai nisa takan zama ɗigo-ɗigo masu kare hasken rana, su sanyaya duniya na shekara ɗaya ko biyu.

Mafitar da aka samu ga matsalar gudun iskokin ta zo ne daga wani aibi a jikin ma'adinai. Yayin da ƙwayar ma'adani, kamar olibin mai launin kore ko kwaz mai haske, take girma a cikin narkakken dutse, wani lokaci takan rufe wani ɗan ɗigo na ruwan dutsen da ke kewaye da ita, kamar yadda ƙaro ke malalowa a jikin dakwara ya rufe tururuwa ya daskare da ita a ciki. Idan aka yi aman kuma ƙwayar ta huce da sauri, ɗigon yakan sandare ya zama gilashi, da iskokinsa a ciki, domin bangon ma'adanin ya zame masa kwalbar da ba a ɓalle murfinta ba. Baturen Ingila Henry Clifton Sorby ne ya fara bayanin irin waɗannan ɗigo a 1858, bayan ya riƙa goge dutse har ya yi siririn da haske ke ratsa shi yana dubawa da madubin ƙara girma. A ƙarƙashin madubin ɗigon yana bayyana kamar ƙwai mai ruwan ƙasa-ƙasa a tsakiyar koren fili, faɗinsa kamar kaurin gashin kai, sau da yawa da wani baƙin kumfa guda a gefensa. Mai bincike yakan goge ƙwayar a hankali har ya taɓo ɗigon ba tare da ya cinye shi ba, sa'annan ya harba masa siririn haske ko ƙwayoyin lantarki ya ƙidaya abin da ke ciki, kuma da yake yawan ruwa da iskar kabon da narkakken dutse ke iya riƙewa ya danganta da nauyin da ke kansa, daga wannan awo ake lissafa zurfin da ɗigon ya shiga kurkukunsa.

Malaman hadisi sun gindaya wa mai ruwaya sharuɗɗa biyu da ba sa haɗa su wuri ɗaya: adalci, wato ya zama mutumin kirki da ba ya ƙarya, da dabɗi, wato ya kiyaye abin da ya ji daidai tun daga ranar da ya ɗauka har ranar da ya isar. Sun san cewa mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah amma mai raunin hadda, har sukan karɓi abin da wani ya ruwaito a ƙuruciyarsa su ƙi abin da ya faɗa bayan tsufa ya rikita shi. Wannan rarrabewa ta fi duk wata da aka sani dacewa da ƙwayar ma'adani, domin sharaɗin farko bai ma taso a kanta ba, tunda ba ta da son zuciya ko tsoron sarki ko kwaɗayin kyauta, kuma wannan ne ke ruɗar masu cewa dutse ba ya ƙarya, su ɗauka magana ta ƙare ke nan. Gaba ɗayan matsalar tana ga dabɗi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa haidurojin, wanda shi ne ke haɗuwa da iskar shaƙa ya ba da ruwa, yana iya sulalewa ta jikin olibin mai zafi cikin awoyi ko kwanaki, ta yadda ƙwayar da ta huce a hankali a tsakiyar kwararren aman za ta ba da adadin ruwa ƙasa da na gaskiya, alhali 'yar'uwarta da aka watso sama ta huce nan take ta riƙe nata. An kuma gano cewa ɗan baƙin kumfan nan da aka daɗe ana wucewa ba a kula shi ba yakan ɗauke babban kaso na iskar kabon, sau da yawa fiye da rabi, don haka lissafin zurfi da aka yi shekara da shekaru ba tare da shi ba ya kasa.

Akwai kuma wani sharaɗi da alƙali ke tambaya kafin waɗannan, wato ko mai shaidar ya halarci abin duka ko kuwa ɓangare ya gani, kuma a nan ne ilimin ya sha babban kaye da ya zame masa alheri. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 1982 dutsen El Chichón da ke kudancin Meziko ya fashe, sai wata na'ura da ke kan tauraron ɗan'adam, wadda aka ƙera don auna iskar ozon, ta hango girgijen farar wuta da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 7. A ranar 15 ga Yunin 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fitar da tsakanin tan miliyan 15 zuwa 20, abin da ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo. Da masana suka koma ga ɗigon gilashin da ke cikin ma'adinan waɗannan duwatsu suka yi lissafinsu na yau da kullum, wato su cire farar wutar da ta rage a cikin toka daga wadda ke cikin ɗigon su ninka da yawan abin da aka amayar, sai adadin ya gaza na tauraron da ninki goma ko fiye. A nan gani ya kori ji, amma bincike bai kama ɗigon da kuskure ba, domin abin da ya faɗa game da ruwan dutsen daidai ne. Abin da ya faru shi ne mafi yawan farar wutar ta riga ta fice daga ruwan ta taru a matsayin kumfa a cikin ma'ajiyar narkakken dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa tun kafin aman, ɗigon kuwa ruwan kaɗai ya ɗebo, ya zama kamar mai shaidar da ya iso kasuwa bayan an kwashe mafi yawan kaya, ya ƙirga abin da ya tarar da gaskiya, aka ɗauki ƙirgensa a matsayin jimillar abin da aka kawo.

Tokar El Chichón ta fito da wani mai shaidar da ba a saba gani ba. Waɗanda suka tattara ta da wuri, cikinsu har da James Luhr da abokan aikinsa da suka wallafa bincikensu a 1984, sun tarar da ƙwayoyin anhaidirait, ma'adanin da ya ƙunshi alli da farar wuta, wanda ɗan'uwa ne ga jipsum ɗin da ake samu a shimfiɗun Dange da Dukamaje kuma ake zubawa a siminti don kada ya yi saurin kamawa, bambancinsu kawai shi ne jipsum yana da ruwa a jikinsa. Kasancewar anhaidirait a wurin ya nuna cewa narkakken dutsen ya ƙoshi da farar wuta har ta kai ga yin ƙwaya. Sai dai anhaidirait yana narkewa a ruwan sama, kuma 'yan damuna kaɗan sun isa su wanke shi daga tokar da ke fili, ma'ana duk wani tsohon aman da aka bincika ba a same shi ba, rashin nasa ba ya tabbatar da cewa bai taɓa kasancewa ba. Malaman usulul fiƙihu sun riga sun faɗi wannan da nasu lafazin, cewa rashin samun dalili daban yake da samun dalilin rashi.

Mafi ban sha'awa a cikin waɗannan masu ruwaya shi ne afatait, ma'adanin fosfet da alli, dangin wanda ke cikin haƙori da ƙashi, kuma dangin dunƙulen fosfet da ake tsinta a cikin yumɓun Dange ana maganar yin takin zamani da shi, ko da yake na Sakkwato a ruwan teku ya taru, na dutsen wuta kuwa a cikin zafi ya tsiro. Afatait ba ya jiran ya rufe ɗigo, domin a cikin ginin jikinsa akwai gurabun da fulorin da kulorin da ruwa ke zama, farar wuta ma tana shiga, kuma siffar da ta shiga da ita tana nuna ko narkakken dutsen yana da wadatar iskar shaƙa ko babu. Yana girma ne ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, har akan sami ƙwayar da cikinta ke cike da farar wuta bayanta kuwa fayau, sai a karanta a jikinta lokacin da iskar ta fara gudu. Bajamushe Abraham Werner ne ya raɗa masa suna a 1786 daga kalmar Girkanci mai ma'anar yaudara, saboda yadda ake rikita shi da wasu ma'adinai, kuma sunan ya bi shi har duniyar wata. A 2010 an ba da rahoton samun ruwa mai yawa a afatait ɗin duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo suka kawo, aka fara cewa cikin wata ya fi yadda ake zato danshi, sai a 2014 Jeremy Boyce da abokansa suka nuna cewa afatait yana fifita fulorin a kan komai, idan fulorin ya ƙare ne yake karɓar ruwa, saboda haka ƙwayar da ta tsiro a ƙarshe tana iya cika da ruwa ko da ruwan wurin kaɗan ne. Awon bai canza ba, fassararsa ce ta rushe, domin an saurari mai ruwaya ba a san halinsa ba.

Daga nan ya kamata a gyara lafazi, domin kiran wannan abu shaida aron magana ne. Shaida a shari'a furuci ne na mai hankali da ke ɗaukar nauyin abin da ya faɗa, abin da ma'adani ke bayarwa kuwa shi ne ƙarina, wato alamar da ke nuni ga abin da ya ɓuya, irin rigar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wadda gefen da ta yage ya bayyana mai gaskiya, kuma malaman Malikiyya irin su Ibnu Farhun, wanda ya rasu a 1397, sun faɗaɗa magana a kan aiki da ƙarina, kamar yadda ya yi a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Ƙarina ba ta fassara kanta, sai wani ya san yadda riga ke yagewa idan an jawo ta ta baya. A wannan gaɓa akwai zamewar da wasu masu wa'azi ke yi da kyakkyawar niyya, inda suke ɗaukar abin da Suratuz Zalzala ta ambata na labarin da ƙasa za ta bayar su ɗora shi a kan binciken masana duwatsu, alhali masu tafsiri sun fahimci wancan a kan ranar alƙiyama da ayyukan bayi. Ɗaure ma'anar aya a jikin sakamakon da shekara huɗu ta isa ta sauya shi, kamar yadda aka gani a afatait ɗin wata, kasada ce da addini bai buƙace ta ba.

Masu kishiyar wannan ra'ayi kuma, waɗanda ke jin an ambaci miliyoyin shekaru da zurfin kilomitoci su ce ai wannan kutse ne cikin gaibu, su ma littattafan zaure sun ba su amsa. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, da sharhohinta, ya san cewa hukunci iri uku ne, na shari'a da na hankali da na al'ada, kuma hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda maimaituwar haɗuwarsu, tare da yarda cewa saɓawa mai yiwuwa ce, kuma ɗayan ba shi ke halittar ɗayan ba. Imam Gazali ya kawo misalin wuta da auduga a kan haka tun kafin rasuwarsa a 1111. Ilimin ma'adinai gaba ɗayansa a wannan aji yake zaune, domin masana suna narka garin dutse a ƙaramin ƙoƙon ƙarfe, su danne shi da nauyin da suka sani a zafin da suka sani, su zuba farar wutar da suka auna, su ga nawa afatait ya ɗauka, su maimaita har alaƙar ta zauna, sa'annan su juya lissafin a kan ƙwayar da aka tsinto a daji. Abin da suke ɗauka ba tare da sun iya tabbatar da shi ba shi ne cewa al'adar da ke gudana yau ita ce ta gudana jiya, kuma wannan ɗauka ita ce dai ta mai haƙar rijiya da manomin da ke shuka bayan ruwan farko. Gaibun da Allah ya keɓanta da saninsa shi ne wanda ba a bar masa wata alama ba, abin da ya ɓuya amma ya bar sawu kuwa, bin sawunsa nazari ne.

Hukuncin da ya fi dacewa shi ne cewa wannan sani zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba, kuma fiƙihu ya daɗe da yarda cewa zato mai rinjaye ya isa a yi aiki da shi. A Pinatubo masanan Filifin da na Amurka sun ga farar wutar da ke fita kullum ta tashi daga kimanin tan 500 a tsakiyar Mayu zuwa fiye da tan 5,000 a ƙarshen watan, suka haɗa da girgizar ƙasa da abin da tsofaffin tokar dutsen suka nuna na girman amansa na da, aka kwashe dubban mutane kafin ranar 15 ga Yuni. A tafkin Nyos na Kamaru kuwa, inda iskar kabon da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin tsohon ramin aman wuta ta taru a gindin ruwa, ba a karanta alamar ba sai bayan da ta ɓalle a daren 21 ga Agustan 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban shanu, kuma sai a 2001 aka kafa bututun dindindin na farko da ke zuƙe iskar a hankali.

Zaton yana ƙara ƙarfi ne ta hanyar da malaman hadisi ke ƙarfafa ruwaya, wato a same ta ta wasu hanyoyi da ba su haɗu da juna ba. Ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika tana ajiye farar wutar kowace shekara a shimfiɗarta, kuma ta daɗe tana nuna wani gagarumin aman wajen 1257 da ba a san inda aka yi shi ba, sai a 2013 aka haɗa sinadarin gilashin tokar da shekarun gawayin itatuwan da ta binne da wani tsohon rubutu a kan ganyen giginya mai suna Babad Lombok, duk suka nuna dutsen Samalas da ke tsibirin Lombok a Indunusiya. Aman dutsen Tambora na Afrilun 1815, shekarar da Shehu ya bar Sifawa, yana da dukkan waɗannan hujjoji har da rahotannin waɗanda suka ji ƙararsa, da kuma sanyin da ya lalata amfanin gona a Turai da Amurka a 1816. Amma 'yan shimfiɗu kaɗan a ƙarƙashin na Tambora, ƙanƙarar arewa da ta kudu duka suna ɗauke da farar wutar wani babban aman da aka yi wajen 1809, jim kaɗan bayan faɗuwar Alƙalawa, kuma samunsa a ɓangarorin biyu yana nuna cewa a yankin tsakiyar duniya mai zafi aka yi shi. An auna yawan farar wutarsa, an ga sanyin da ya haddasa a zoben itatuwa, amma har yau ba a gano dutsen da ya yi shi ba.